Me ya sa tsofaffin mujallun Strange suka saɓa da asalinsu na Amurka?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na zo da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuma fatan a samu wanda ya san tarihin abin ya warware mini ita.

Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, iyalinsa suka ba ni wata akwatin ƙarfe da ya ajiye a ɗakinsa a Damagaram, domin sun san ni ne nake zama kusa da shi muna karanta abin da ke cikinta tun ina ƙaramin ɗan lakkwal. Ya yi karatu a Faransa a shekarun 1970, kuma daga can ya taho da mujallun labaran zane na jaruman Amurka da aka fassara zuwa Faransanci. Mafi yawansu Strange ne, sai 'yan Nova da Titans da Spécial Strange, da wasu ƙanana guda uku marasa launi na kamfanin Arédit. Ko bayan ya dawo gida bai daina saye ba, duk inda ya ci karo da su. Gaskiyar magana, Faransancin da na koya daga waɗannan mujallu ya fi wanda na koya a aji zauna mini a kai.

Kwanan baya na samu wani sabon kundi na kamfanin Panini mai ɗauke da labaran Daredevil, sai na tarar akwai labarin da nake da shi a tsohuwar Strange. Na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma ina buɗe shafi bayan shafi, abin da na gani kuwa ya ɗaure mini kai. A sabon bugun, inda ake faɗa akwai manyan haruffa masu nuna ƙarar naushi da layukan da ke nuna saurin hannu, amma a tsohon wurin fayau yake, kamar an share shi da tsumma. A wani gidan zanen, mugun da ke cikin labarin yana riƙe da makami a sabon bugun, a tsohon kuwa hannunsa a dunƙule yake babu komai a ciki. Akwai ma gidajen zane da babu su ɗungum, har maganar da ta biyo baya ta zama ba ta da tushe, ko da yake ina yaro ban taɓa lura ba.

Wane ne ya yi wannan aiki, kuma don me? Sakaci ne na masu bugawa ko da gangan aka yi? Sannan ɗana ya kai shekara 12, yana karanta Faransanci sosai, kuma ya fara leƙa akwatin. Wanne ya kamata in fara ba shi, tsohon ko sabon?

Tsohon Mai Karatu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Abin da ka gani ba sakaci ba ne, aiki ne da aka ɗauki mutane musamman domin su yi shi, kuma ba za a fahimce shi ba sai an koma ga wata doka da Faransa ta kafa ranar 16 ga Yuli, 1949, game da littattafai da mujallun da ake yi domin yara da matasa.

Dokar ta hana a nuna wa yara fashi da sata da ƙarya da lalaci da ragwanci da ƙiyayya da lalata ta hanyar da za ta ƙawata su, ta kuma kafa hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a wadda ke duba duk abin da aka buga. Abin lura shi ne, bayan yaƙin duniya na biyu ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna, wato ƙungiyoyin Katolika da 'yan Kwaminis, sun haɗu a kan ƙin labaran zane na Amurka, kowa da dalilinsa, ga kuma masu zane na gida da ke ganin kayan waje masu arha suna tare musu kasuwa. Hukumar ba ta buƙatar ta rufe kamfani kafin ta durƙusar da mujalla. Ya isa ta ba ministan cikin gida shawara ya hana sayar wa yara da ita ko baje ta a fili, shi ke nan ciniki ya mutu.

Kamfanin da ya buga Strange shi ne Lug, wanda Marcel Navarro da Auguste Vistel suka kafa a birnin Liyon a 1950, sunan kuma daga Lugdunum aka ɗauko shi, wato tsohon sunan birnin a zamanin Rumawa. Mu da muka taso da Blek da Zembla da Kiwi da Rodéo, kayan Lug muke karantawa ba tare da mun damu da sanin sunan kamfanin ba. Navarro ya san zafin dokar nan tun kafin ya taɓa kayan Marvel, kamfanin Amurka mai waɗannan jarumai, domin shi ne ya rubuta labaran Fantax a 1946 tare da mai zane Pierre Mouchot, kuma ya ga yadda aka yi ta jan Mouchot a kotu shekara da shekaru a kan mujallar Big Bill le Casseur har aka same shi da laifi a 1961. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce masa ya shafa wa nasa ruwa ba.

Duk da haka, a watan Fabrairun 1969 Lug ya fito da Fantask, mai cikakken launi, ɗauke da Fantastic Four na Stan Lee da Jack Kirby, da Silver Surfer, daga baya aka ƙara Spider-Man. Fitowa 7 kawai ta yi. Hukumar ta yi tir da ita saboda faɗan dodanni, da labaran da ta ce suna firgita yara, har ma da tsananin launukan zanen, sai kamfanin ya dakatar da ita. Wannan ne ya sa da aka dawo da Strange a watan Janairun 1970, da X-Men da Daredevil da Iron Man da Silver Surfer, aka yi ta ƙarama kuma da launi biyu kacal, sai daga fitowa ta 11 ta girma ta samu cikakken launi. 'Yar'uwarta mai suna Marvel, wadda ta fara a watan Afrilun 1970, ba ta tsira ba: an hana sayar wa yara da ita a 1971, ta tsaya a fitowa ta 13, Spider-Man kuma ya koma Strange daga fitowa ta 18.

Daga nan ne Lug ya riƙa tace kansa da kansa tun kafin hukuma ta yi magana. Akwai ɗakin aiki a kamfanin inda masu zane ke zama da farin fenti da alƙalami suna goge haruffan ƙarar duka, suna share layukan sauri, suna rage munin fuskokin dodanni, suna cire makamai da jini, wani lokaci kuma a cire gidan zane ko shafi gaba ɗaya a faɗaɗa na kusa da shi ya cike gurbin. Da labaran Amurka suka ƙara duhu a farkon shekarun 1980, musamman Daredevil na zamanin Frank Miller, aikin gogewar ya ƙaru ƙwarai, kuma ina kyautata zaton daga wannan zamani ne labarin da ka gwada ya fito.

Ra'ayina shi ne, ba don wannan sassaucin ba da Strange ta bi sahun Fantask da Marvel, da kuma babu akwatin da kawunka zai bar maka. Mujallar ta rayu har 1998, bayan kamfanin Semic na ƙasar Suwidin ya saye Lug a 1989, kuma bayan lasisin Marvel ya koma hannun Panini a tsakiyar shekarun 1990.

Malamar Faransanci ta amsa:

Baba ya yi bayanin zanen, ni kuma ina so in ja hankalin Malam Ɗan Birni ga kalmomin, domin a nan ne nake ganin tsofaffin mujallun suna da wata daraja da ba kasafai ake ba su ba.

Mai fassara labarin zane yana aiki ne a cikin wani ƙunci da mai fassara littafin zube bai sani ba. Da'irar da ake rubuta maganar jarumi a cikinta an zana ta ne daidai da tsawon jimlar Turanci, Faransanci kuwa a al'adance ya fi Turanci tsawo, ga shi Stan Lee mutum ne mai yawan zuba, jarumansa suna surutu ko a tsakiyar faɗa. Saboda haka dole ne a taƙaita, a zubar da wani abu a riƙe wani, kuma zaɓin abin da za a riƙe shi ne ainihin gwanintar. Akwai kuma matsalar da mu Hausawa za mu fi kowa saurin ganewa. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duk wanda ake yi wa magana, amma Faransanci yana tilasta maka ka zaɓi tsakanin tu da vous, kamar yadda mu ma muke auna inda za mu ce kai ko ke da inda ladabi zai sa mu ce ku. Don haka mai fassara ne ke yanke hukunci a kan ko ɗaliban Farfesa Xavier, shugaban X-Men, za su yi masa magana da girmamawa, da kuma lokacin da saurayi da budurwa za su sauka daga vous zuwa tu, alhali marubucin asali bai taɓa fuskantar tambayar ba.

Sai sunaye. Masu fassarar Lug, waɗanda aka fi sanin Geneviève Coulomb a cikinsu saboda daɗewarta a kan aikin, sun mayar da yawancin sunaye Faransanci, kuma wasu sun dace har sun fi na asali daɗin faɗa. Doctor Doom ya zama Docteur Fatalis, Green Goblin ya zama le Bouffon Vert, Kingpin ya zama le Caïd, Juggernaut ya zama le Fléau, Storm ta zama Tornade, Rogue kuma Malicia. Sunan le Caïd ya fi burge ni, domin kalma ce da Faransanci ya aro daga Larabci mai nufin shugaba, ta kuma zama sunan da ake kiran uban 'yan daba da shi, saboda haka yaron Faransa yana ganin sunan ya san irin mutumin da zai tarar. Spider-Man da kansa l'Araignée, wato gizo-gizo, aka daɗe ana kiransa.

Wanda aka fi yin gardama a kansa shi ne Wolverine. Dabbar da ke ɗauke da wannan suna tana zaune ne a ƙasashen sanyi na arewacin duniya, kuma sunanta a Faransanci glouton, kalmar da ke nufin mai haɗamar ci. Babu yadda za a yi a kira jarumi mai faratan ƙarfe da sunan acici, sai aka sa masa Serval, wato wata kyanwar daji ta Afirka mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigo a jiki. Ta fuskar ilimin dabbobi an kauce, domin dabbar asali gajeriya ce mai ƙirar ƙarfi da taurin kai, kuma haka aka siffanta jarumin, amma ta fuskar kunnen mai karatu an dace. Bugun zamani ya mayar masa da sunansa na Turanci, sai dai har yau akwai dattawan masu karatu da ba su san shi da wani suna ba sai Serval.

Game da yaron, a matsayina na mai koyarwa zan ce a fara ba shi tsofaffin. Harshensu a tsare yake, jimlolin cikakku ne, babu ashar, kuma tun asali an shirya su ne domin masu irin shekarunsa. Abin da kawai za a faɗa masa shi ne wasu kalmomin hira na ciki sun tsufa, kada ya ɗauke su ya kai wa tsaransa yana zaton haka ake magana a yau.

Mai Alƙalami ya amsa:

Ina neman afuwar Baba da Malama, amma ni ban yarda a wuce maganar gogewar nan da sauƙi haka ba, wataƙila don zane ne sana'ata kuma na san abin da layi ɗaya ke ci wa mai yin sa.

Haruffan ƙara da layukan sauri ba kwalliya ba ne da za a cire a bar zanen yadda yake. Kirby yana gina shafinsa ne a kan ƙarfin motsi, idon mai karatu yana bin hannun da aka kai naushi da shi har ya dire a kan haruffan, daga nan ya faɗa gida na gaba. Idan aka goge su sai jaruman su zama kamar gumaka da aka jera, kowa ya miƙa hannu ba a san dalili ba. Haka Gene Colan, wanda ya daɗe yana zana Daredevil da inuwa mai kauri da gidajen zane a karkace, duk wanda ya taɓa masa shafi ya ɓata masa ma'auni. Na yarda cewa tsoron hukuma ne ya jawo, na kuma yarda cewa waɗanda suka yi gogewar ƙwararru ne, shi ya sa yaro ba ya lura, amma mai karatun Faransanci ya shekara kusan 20 yana sayen abin da aka rage masa ba tare da an gaya masa ba.

Ƙananan nan uku na Arédit da ka ambata, Malam, nasu ya fi muni ta wannan fuska. Kamfanin ya kasance a garin Tourcoing a arewacin Faransa, da can sunansa Artima, kuma shi ya ɗauki jaruman DC, wani kamfanin labaran zane na Amurka, da yawa tare da na Marvel da Lug bai ɗauka ba, irin su Thor da Hulk da Captain America da Avengers. Hanyar da ya bi ya kauce wa hukumar ita ce ya rubuta a bango cewa na manya ne, sannan ya buga su ƙanana ba launi. To shafin Amurka ba ya shiga wannan ƙaramin girma, sai a yanyanka shi, a raba gidajen zanen shafi ɗaya a kan shafuka biyu ko fiye, inda kuma gida bai cika wurin ba a sa wani ma'aikaci ya ƙarasa zanen, ya ƙara bango ko gajimare ko sauran ƙafar mutum. Ka duba naka da kyau, za ka ga inda layin gwani ya ƙare na mai cikon ya fara. Ga shi kuma ba su cika bin jerin labaran yadda suka fito a Amurka ba.

Inda zan sara wa Lug shi ne abin da ya ƙirƙira da kansa. Bangwayen da Jean Frisano ya yi da fenti aiki ne mai zaman kansa. Sannan da labaran Silver Surfer na John Buscema suka ƙare, kasancewar fitowa 18 kawai jerin ya yi a Amurka tsakanin 1968 da 1970, alhali Faransawa sun ƙaunaci jarumin fiye da mutanen ƙasarsa, Jean-Yves Mitton ya zana sabon labarinsa a Nova a 1980 da izinin Marvel. Shi Mitton ɗin ne ya ƙirƙiro Mikros, Ciro Tota kuma ya ƙirƙiro Photonik, jarumai 'yan gida da suka fito a mujallar Mustang. Waɗannan babu wani asalin Amurka da za a ce an rage.

Shawarata ita ce yaron ya karanta sabon bugun idan ana so ya san aikin masu zanen, a bar tsohon ya zama na tarihi.

Bagobirin Maraɗi ya amsa:

Ni nawa ɗan gajere ne, kuma a kan adana su ne. Takardar da aka buga waɗannan mujallu da ita mai arha ce, tana yin ja tana kuma karyewa idan zafi ya yi mata yawa, saboda haka a raba akwatin ƙarfen da ɗakin da rana ke duka, a ɗora ta a kan wani abu kada ta taɓa ƙasa saboda gara. Na yi asarar rabin nawa a damina ɗaya ta wannan hanya, na buɗe kwali na tarar ƙasa ce zalla a tsakiya. Kada a liƙe inda ya yage da salatif, domin man jikinsa yana cin takarda. A duba kuma ko akwai waɗanda babban hoton nan na tsakiya da ake cirewa a manna a bango yake nan a cikinsu, domin masu tara su a Faransa sun fi daraja irin waɗannan, kasancewar yawancin yara sun cire nasu. Idan an ga wasu masu kauri da fitowa uku a haɗe cikin bango ɗaya, su ne ragowar da ba a sayar ba, waɗanda kamfanin ke ɗinkewa ya sake kai wa kasuwa.

Tsohon Mai Karatu ya ƙara da cewa:

Mai Alƙalami ya faɗi gaskiya a kan zanen, ban kuma musa masa ba. Abin da kawai zan ƙara shi ne, sauya wa jaruman nan kama a Faransanci ya girmi Lug da Arédit duka. Tun 1939 Superman ya shiga harshen, amma a mujallar Aventures an kira shi Yordi, a Spirou ta Beljiyam kuma Marc, Hercule moderne. Can Kebek ta Kanada ma kamfanin Héritage ya yi tasa fassarar daga ƙarshen shekarun 1960, mafi yawa ba launi, da nasa zaɓin kalmomin. Don haka labari ɗaya yana iya samun fuska uku ko huɗu a Faransanci kaɗai, kuma duk wanda ke son sanin yadda wani zamani ya karɓi waɗannan jarumai, sai ya nemi bugun wannan zamanin, har da shafin wasiƙun masu karatu da ke cikin Strange, wanda babu shi a kowane sabon kundi.

Ɗan Birni ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan Arédit na duba a ƙarƙashin fitila kamar yadda Mai Alƙalami ya ce, na kuwa ga wurin: alkyabbar Thor ta zo da layi mai kauri har tsakiyar gidan zanen, daga nan wani siririn layi mai rawa ya ƙarasa ta zuwa gefe. Shekara fiye da 30 ina kallon wannan shafi ban gani ba.

Na yanke shawarar in bi maganar Malama in fara ba yaron Nova da tsofaffin Strange na farkon shekarun 1970, in riƙe kundin Daredevil sai ya ƙara girma, sa'annan mu zauna tare mu gwada su shafi da shafi yadda na yi. Akwatin kuma na ɗauke ta daga ƙasa tun da safe. Hoton tsakiya kuwa guda biyu kawai na samu, sauran kawu ya cire su tun yana ɗalibi, domin na tuna akwai na Surfer d'Argent, wato Silver Surfer, da ya daɗe a manne a bayan ƙofar ɗakinsa.